Inda Ake Ƙidaya Kurɓi: Tafiya Zuwa Norfolk

Bayan Babbar Sallar 2025 na bar Kano da sassafe, a motar haya daga tashar Unguwa Uku. Akwatuna biyu na ɗauka, ɗaya kuwa kaf kayan miya ne: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da zoɓo. Kilishi kaɗai na haƙura da shi, domin Ingila ba ta yarda matafiyi ya shigar mata da nama daga ƙasashenmu ba, kuma ba na son kare ya tona mini asiri a filin jirgi. Wadda zan je gani 'yar wana ce da na riƙe tun tana firamare, ta kuma bi sawuna ta karanta aikin jinya. Ni na yi ritaya, ita kuwa tana cikin dubban 'yan Najeriya da suka tafi bayan Birtaniya ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a watan Fabrairun 2022.

Damina ta sauka, shuka ta fito daga Kura har Zariya. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana a Abuja wajen wata tsohuwar abokiyar aiki, washegari na kama jirgin Landan. Tafiyar awa shida da 'yan kai ce. Jami'in shige da fice a Heathrow ya tambayi inda zan sauka da ranar komawata, ya buga hatimi, shi ke nan.

Abin da ya fara girgiza ni kuɗin ruwa ne. A tashar Liverpool Street, inda layin Elizabeth ya sauke ni kai tsaye daga filin jirgi, na ɗauki 'yar ƙaramar gorar ruwa, aka ce fam biyu. Fam ɗaya a lokacin ya haura naira dubu biyu. Na tsaya ina lissafin yawan ledar fiya wata da wannan kuɗi zai saya a Kwanar Dangora, har na bayana ya yi gyaran murya. Daga baya na gane wauta ce ta baƙo: ruwan famfonsu ana sha, kowa da gorarsa yake yawo yana cikawa kyauta.

Jirgin Norwich ya ɗauki kusan awa biyu, ya bi ta Colchester da Ipswich. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudu, gonakin alkama da sha'ir iya ganinka, can kuma garken aladu a fili kowanne da 'yar bukkarsa. 'Yar wana tana jirana a bakin tasha da rigar aiki a ƙarƙashin mayafi. Ta durƙusa har ƙasa a gaban Turawa ta gaishe ni, abin da ya yi mini daɗi fiye da yadda na nuna. Muka sake hawa wani ƙaramin jirgi da ya yi arewa, wajen Cromer, a bakin teku.

Masaukina ɗakinta ne, a saman bene, cikin gidan da take haya tare da wasu mata biyu, ɗaya 'yar Zimbabuwe, ɗaya 'yar Kerala ta Indiya, duk aikinsu ɗaya. Ta bar mini gadon ta koma katifa a ƙasa. Kuɗin hayar ɗakin na wata guda zai biya hayar shekara ta gida sukutum a unguwarmu, ga shi idan ka buɗe akwati sai ka rufe ƙofa. Da dare muka tuƙa tuwon semo da miyar kuka, warin daddawa ya cika gidan, 'yar Zimbabuwe ta sauko da cokalinta ba tare da an kira ta ba. Lokacin salla ne ya ba ni wahala. Rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, alfijir kuma ya keto tun kafin barci ya yi nauyi.

Ba sai an gaya maka tsofaffi sun yi yawa a wannan yanki ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen Arewacin Norfolk sun kai shekara 65 ko sun wuce, kuma babu gundumar da ta kai ta a duk Ingila. Mutane ne da suka gama aiki a birane suka zo bakin teku su huta, 'ya'yansu kuwa suna can inda aiki yake. A motar bas, a kanti, a layin kantin magani, furfura ce ko'ina da sandar dogarawa. Na ga dalilin da ya sa aka je har Kano neman hannu.

Shugabar gidan kula da tsofaffin da 'yar wana ke aiki, da ta ji cewa tsohuwar nas ce ta zo daga Najeriya, ta ce a kawo ni. Na sa hannu a littafin baƙi, aka nemi iznin mazauna gidan da zan zauna kusa da su, aka zaunar da ni a falo. Kafin in gama gyara zama an tambaye ni shayi ko kofi. A wannan dai ba su bar mu a baya ba: baƙo ba ya zama hannu rabbana. Bambancin shi ne, mu ruwa muke fara kawowa a kwanon sha kafin a gaisa, su kuma shayi da biskit biyu a gefen faranti, kuma ba a yi maka tayi sau biyu. Idan ka yi kara ka ce a'a, ka sha ke nan.

An yi sa'a, ko rashin sa'a, makon da na je zafi ake yi, hukumar lafiya ta fitar da gargaɗi. Zafin da bai wuce digiri 30 da kaɗan ba, wanda a Kano za mu ce gari ya yi daɗi. Na so in yi dariya, amma da na zauna a falon na daina. An gina gidajensu ne don su riƙe ɗumi: bango mai kauri, kafet, tagogin da ba sa buɗuwa sosai don kada wani ya faɗo. Ba su manta da Yulin 2022 ba, lokacin da ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby, karo na farko da Birtaniya ta haura 40. Ba su kuma manta da Faransa a Agustan 2003 ba, inda zafi ya kashe mutum kusan 15,000, galibinsu tsofaffi.

Da ƙarfe goma da rabi aka turo keken shaye-shaye. Butar shayi, madara, ruwan lemo, ruwa mai sanyi da yankakken lemon tsami a ciki, kankana a faranti, da ƙanƙarar tsotso irin ta yara. Wannan zagaye na uku ke nan a ranar, kuma sau bakwai ake yi daga farkawa zuwa kwanciya. 'Yar wana na riƙe da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu. Duk wanda ta bai wa abin sha, sai ta koma ta duba abin da ya rage a kofin, sannan ta rubuta. An auna kowane mazubi a gidan: babban kofin shayi mililita 200, ƙaramin 150. An ba da 200, an sha rabi, a rubuta 100. Miya mai ruwa-ruwa, kunun hatsi da madara, ƙanƙarar tsotso, duk suna shiga lissafi. Shayi da kofi ma ana ƙidaya su, saɓanin abin da mutane da yawa ke zato.

Mizanin da suke bi na ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai ne: mace tsohuwa aƙalla lita 1.6 na abin sha a rana, namiji lita 2. A ma'aunin gida, leda uku ke nan da ɗoriya ga mace, leda huɗu ga namiji. A baki ba yawa. Amma zauna ka ga yadda ake shigar da leda uku cikin tsohuwa mai shekara casa'in wadda ba ta jin ƙishirwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Idan mutum ya tsufa, ƙishirwa takan daina kiransa a kan lokaci. Ƙoda ta rage ƙarfin riƙe ruwa, tsoka da ke ajiye ruwan jiki ta zube, ga magungunan hawan jini da na zuciya masu sa fitsari. Mai cutar mantuwa kuma sai kofi ya wuni a gabansa bai gane na sha ba ne. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai ruɗewa ta biyo baya, da jiri, da faɗuwa, da taurin bayan gida, daga nan sai asibiti da raunin ƙoda. Abin da kofi biyu zai hana, sai ya zama kwana goma a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu.

Na zuba ido a kan wata tsohuwa da ke kusa da taga, siririya, ta sha kwalliya da sarƙar wuya tun safe. An ce malamar makaranta ce a da. 'Yar wana ta ajiye mata ruwa, ta ture da bayan hannu. Ba ta matsa mata ba. Ta tafi ta dawo da shayi a wani kofin tangaran mai zanen fure, mai siririn baki, ta ja kujera ta zauna daidai tsayinta, ta zuba wa kanta ita ma. Ta tambaye ta labarin wani hoto da ke kan tebur. Tsohuwa na magana, hannunta ya kai ga kofin da kansa. Kurɓi ɗaya, labari, kurɓi ɗaya. An kwashe kusan minti ashirin kafin a ga gindin kofin. Da muka fito baranda na ce, “'Yar nan, wannan ai rarrashi ne, ba jinya ba.”

Ta ce, “Gwaggo, ba ruwan take ƙi ba, banɗaki take tsoro. Ta taɓa faɗuwa da dare. Sai na yi mata alkawarin zan dawo in raka ta nan da awa ɗaya, sannan take sha. Kuma in aka kawo mata a kofin roba mai murfi, ko taɓawa ba ta yi, cewa take ita ba jaririya ba ce.”

Na daɗe ina jinya, na san wannan tsoro. Tsofaffinmu ma suna rage shan ruwa da yamma don kada su tashi wani da dare, ko don kada alwala ta yi ta karyewa. Kunya ce ke busar da su, ba rashin randa ba.

Ba kowa ake turawa ya sha ba. A ɗaki na kusa akwai wani dattijo mai ciwon zuciya wanda likita ya ƙayyade masa lita ɗaya da rabi, kada ya wuce. Shi kullum da safe ana ɗora shi a sikeli kafin karin kumallo, domin kilo ɗaya da ya ƙaru dare ɗaya lita ɗaya ce ta ruwa da ta taru a jiki. Ana danna ƙafarsa a ga ko yatsa zai bar rami, ana sauraron numfashinsa idan ya kwanta. An zuba masa rabonsa na yini a jug guda mai zane, idan ya ƙare ya ƙare, sai ƙanƙara ya tsotsa. Ya ce mini, cikin raha, shi kaɗai ne a gidan ake ɓoye wa buta. Akwai kuma waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa musu haɗiya. Su ana zuba wa abin shansu wani gari da ke sa shi kauri, don kada ya bi hanyar numfashi su ƙware. Kaurin ma mataki-mataki ne, daga sifili zuwa huɗu, kuma ƙwararre ne ke faɗin na kowa. Na ɗanɗana shayi mai kauri. Ban ga laifin wanda ya ƙi shi ba, kuma irin waɗannan ne suka fi shiga hatsarin bushewa.

Ɗaya ɓangaren lissafin, wato abin da ya fita, ya fi wuya. Mai robar fitsari sauƙi gare shi: a juye jaka a mazubi mai zane, a karanta, a rubuta. Ƙa'idar da muka koya tana nan, rabin mililita ga kowane kilo na nauyin mutum a kowace awa. Idan fitsari ya yi ƙasa da haka na sa'o'i, a kira nas. Mai ƙunzugu kuwa sai dai a rubuta ya jiƙe sosai ko kaɗan, in an matsa a auna nauyinsa, giram ɗaya mililita ɗaya. Gumi da numfashi ba mai iya aunawa, sai ƙiyasi. Shi ya sa ba kowa ake yi wa cikakken lissafin shiga da fita ba, sai wanda ke cikin hatsari: mai zazzaɓi, mai gudawa, mai ciwon ƙoda, ko wanda aka ga ya rage ci da sha. Da tsakar dare ma'aikatan dare ke haɗa jimla, wanda bai kai mizaninsa ba sunansa ya fito da ja, a fara da shi wajen miƙa aiki da safe.

Tsarin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Sai dai na yi aiki da takardar lissafin ruwa shekara da shekaru, na san halinta. Takarda ba ta gardama. Na tambayi nas ɗin gidan, wata Baturiya mai fara'a da ta kusa ritaya, ko ta yarda da duk abin da na'ura ke nuna mata. Ta yi dariya ta ce idan ta ga an rubuta 200, 200, 200 a jere babu ragi, to ta san abin da aka ajiye aka rubuta, ba abin da aka sha ba.

Ita ce ta ba ni labarin binciken da aka yi a nan maƙwabtansu, a Jami'ar East Anglia da ke Norwich, ƙarƙashin jagorancin Lee Hooper. Sun ɗebi jinin tsofaffi 188 a gidajen kula 56 na Norfolk da Suffolk, suka tarar ɗaya cikin biyar na fama da ƙarancin ruwa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, alamomin da aka koya mana duka, tsunkule fata a ga ko za ta koma, duba bushewar baki, duba launin fitsari, babu wadda ta iya bambance tsoho mai ƙarancin ruwa da wanda ba shi da shi. Fatar tsoho dama ta saki, bakinsa kan bushe saboda magani ko numfashi ta baki, ƙodarsa kuma ba ta iya sa fitsari ya yi duhu ko da jiki na neman ruwa. Gwajin jini ne kawai ke faɗin gaskiya. Tsunkulen fata yana nan da amfaninsa ga yaro mai gudawa da amai, wannan wata matsala ce daban. Wani binciken a jami'ar ya kuma nuna cewa tsofaffin da hankalinsu ke daidai, idan aka ba su takarda su rubuta abin da suka sha da kansu, lissafinsu ya fi na ma'aikata kusa da gaskiya.

To idan ido ba ya ganewa, jini kuma ba kullum za a ɗiba ba, takarda kuma tana iya ruɗi, me ya rage? A ganina abin da 'yar wana ta yi a bakin taga ne ya rage: a ɗauka kowane tsoho yana cikin hatsari, a san kofin da yake so, a zauna da shi. Minti ashirin ɗin nan su ne aikin, lambar da aka rubuta shaida ce kawai. Kuma minti ashirin kuɗi ne. Mazaunin irin wannan gida na biyan sama da fam dubu a mako, kuma a Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya da kansa, sau da yawa sai an sayar da gidansa. Mai kula da shi kuwa albashinta bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Idan mutum biyu ne a kan tsofaffi goma sha biyar, ɗaya na wanka, ƙararrawa na kaɗawa a ɗaki biyu, wa zai ja kujera?

Mu a gida muna da abin da suke saye da tsada. Tsohuwa a tsakar gida ba ta rasa jika ko suruka da za ta miƙo mata moɗa, ga koko da safe, fura da rana, kunun zaƙi da la'asar. Amma kada mu yi saurin yabon kai. Mu sai tsoho ya ce a ba shi ruwa muke ba shi, alhali ƙishirwar ce ta daina zuwa. Idan ya fara sambatu a watan Afrilu, sai a ce tsufa ne, ko a nemo tofi, ba wanda ya tambayi rabonsa da fitsari. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙidaya mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, fiye da rabinsu sun haura shekara 60. Addini ya yi wa tsoho mai rauni rangwame ya ciyar a madadin azumi, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shawo kan kakarsa ta ajiye azumi ya san ba ƙaramin yaƙi ba ne.

Na jiƙa zoɓon da na kawo, da citta da kanumfari, na kai gidan tsofaffin a manyan gorori. Shugabar gidan ta ce ba za a bai wa mazauna ba sai an tuntuɓi likita, saboda masu shan maganin hawan jini, kuma ban ga laifinta ba. Ma'aikata ne suka shanye shi a ɗakin hutu, mai dafa abincin gidan har ya rubuta yadda ake haɗawa.

Ranar hutun 'yar wana muka sauka Cromer. Garin ya yi suna da ƙaguwa, amma ni kifi da soyayyen dankali na ci, a takarda, a kan dogon dandamalin da ya shiga cikin teku, ina kare abincina daga tsuntsayen teku masu ƙwace kamar shaho. Kuɗin faranti biyu ya kusa buhun masara. Ranar Juma'a muka shiga Norwich, muka yi salla a masallacin Ihsan, inda na ga Turawa Musulmi da jikokinsu, muka zaga kasuwar tsakiyar gari mai rumfuna masu launi-launi, wadda ta fi shekara 900 a wurin. A wani shagon 'yan Afirka na ga doya guda ana sayarwa a kan kuɗin da na ƙi faɗa wa mutanen gida, don ba za su yarda ba.

Na komo ta hanyar da na bi, Landan, Abuja, Rigasa, Kano. Ban daɗe da dawowa ba, a watan Yulin 2025, Birtaniya ta rufe ɗaukar sababbin masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. 'Yar wana tana nan, tana karatun jarrabawar da za ta ba ta lasisin aikin jinya a can, in ta ci kuma asibiti za ta koma. Da muka yi waya ta ce 'yar Kerala ta samu wani aikin a Leicester ta tafi, ba a samu madadinta ba tukuna, kuma a ranakun da hannu ya yi ƙaranci ana haɗe zagayen ƙarfe biyu da na la'asar ya zama ɗaya.